Tambayi Malam: Wai wane suna ne ke cin babban baƙi a Turanci?

Jama'a barkanmu da warhaka. Jarrabawa ta matso, shi ya sa saƙonnin wanga mako kusan duka kan Turanci sunka zo, kuma mutane da dama tambaya guda sunka yi kowa ta fuskarshi, wato maganar sunaye, wanne ne na yanka wanne ne gama-gari, da inda ake sa babban baƙi. Na tattara su wuri guda. Masu tambaya kan wasiƙar neman aiki ku ɗan ƙara haƙuri.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya ɗalibai. Ni ɗaliba ce ajin ƙarshe na sakandare muna shirin WAEC da NECO. Tun muna firamare anka koya muna proper noun da common noun, anka ce na farkon shi ne wanda ka farawa da babban baƙi, to ni da haka nike gane su tun can. Ran nan malaminmu ya ba mu gwaji sai ya rubuta jimlolin duka da ƙananan baƙaƙe, yac ce mu ja layi ƙarƙashin kowane suna mu faɗi irinshi, wallahi Malam kaina ya ɗaure, 4 nic ci cikin 10. Dan Allah mi za ni yi in riƙa gane su ko ba babban baƙi?
Daga wata ɗaliba, Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki gaishe min da malamin nan naku, ya san aikinshi, don abin da ya yi muku tun aji huɗu na firamare ya kamata a ce an yi muku shi. A juye anka koya miki abin. Ba babban baƙi ke mai da kalma sunan yanka ba, sai kin fara gane cewa sunan yanka ne sannan ki ba shi babban baƙi. Mai karanta rubutun wani yana iya leƙen baƙin ya ci bulus, amma ranar da biro ke hannunki a ɗakin jarrabawa ba mai sa miki shi, ke ce mai yanke hukunci.

Zan riƙa kiransu yadda malaman nahawun Hausa ke kiransu, na farkon da kinka ambata shi ne sunan yanka, na biyun gama-gari. Abin da ke rikita yara shi ne waƙar nan da ake sa su haddacewa, wai suna shi ne sunan mutum ko wuri ko abu. Ba ƙarya ba ce, amma duka biyun ta haɗa, ba ta raba komai ba, don "town" wuri ne, Gwadabawa ma wuri ce.

To ga yadda ake rabawa. Ki ɗauki kalmar ki tambaye ta: wanne? In na ce miki jiya na tafi wani gari, dole ki ce wane gari Malam, don garuruwa ba su ƙidayuwa. In kuwa na ce na tafi Gwadabawa, magana ta ƙare. Haka "river" da Rima, haka "scholar" da Abdullahi Fodiyo, haka "poet" da Nana Asma'u, haka "month" da Ramadan. Na farko a kowane yana gaya miki irin abin ne kawai, na biyu kuma yana nuna miki wanne ake nufi cikin irin.

Na san abin da za ki ce, don duk ajin da na faɗi wannan sai wata mai kaifin kai ta ɗaga hannu, Malam ai Amina ma ana cewa wace Amina, mu uku ne a ajinmu. Haka ne. Amma ki lura da wani abu. In kinka ga akuya bakin hanya ba sai an gaya miki akuya ce ba, da ganin ƙahonta da jin kukanta kin sani, duk dabbar da ke da wagga siffa "goat" ce ko a Kara take ko a Makka. Yarinya fa? Ko kwana kinka yi kina kallonta ba ki sanin Amina ce sai an gaya miki, don ba wata kama da ta haɗa Aminonin duniya, suna ne anka raɗa wa kowace ita kaɗai, ya zo ya yi daidai da na wata. Wannan shi ne bambancin na asali, sauran duka dabaru ne.

Cikin dabarun akwai mai amfani, ki gwada sa wa kalmar "a" ko "an" a gaba, "a" ta Turanci fa nike nufi ba tamu ba, ko ki mai da ita jam'i. "A teacher", "teachers", "a market", "markets", duk sun zauna daidai, to gama-gari ne. Ki gwada da sunan garin Boɗinga, ki ce "two Bodingas" ki ji yadda kunnenki zai ƙi. Sai dai kar ki jingina da ita gaba ɗaya, don akwai gama-gari da ba a ƙirgawa irin "water" da "rice" da "sand", da waɗanda ba a gani ba a taɓawa irin "poverty" da "honesty", su ma ba su karɓar "a" amma ba wanda ya raɗa musu suna, gama-gari ne.

Bari in yi miki irin gwajin malaminku. Ga jimla: "last sunday my uncle took bello to the market in illela to buy onions". Sunaye shida ne a ciki. "Uncle", wane kawu? Kowa na da kawu, gama-gari ne. "Market", wace kasuwa, ai sai da anka ƙara "in illela" sannan kinka san wacce, ke nan ita kanta gama-gari ce. "Onions" ba sai an faɗa ba, albasa albasa ce. Saura uku, Sunday da Bello da Illela, su ne na yanka, su za ki ɗaga wa baƙi. "Last" ita ma za ta samu babban baƙi amma ba don suna ce ba, don ita ta buɗe jimla. Nan ne tarkon da masu leƙen baƙi ke faɗawa, farkon jimla ko wace kalma ce babba take ɗauka, haka "I" mai nufin ni duk inda ta faɗo, alhali wakilin suna ce. Allunan shaguna kuwa kar ki koyi komai wurinsu, ki bi titin Ahmadu Bello ki duba, mai fenti duka baƙaƙen yake ɗagawa don a hango daga nesa.

Sannan kalma guda tana iya yin aiki biyu, jimla ce ke nuna miki wanne take yi. Mu ma muna da haka, azumi ibada ne, Azumi kuma ga ta can tana daka. A Turanci "patience" haƙuri ne, Patience kuma sunan mace. "May" da "March" watanni ne, amma "may" da "march" na tsakiyar jimla aikatau ne, ɗaya ta yiwuwa ɗaya ta maci. "Turkey" da ƙarami talo-talo ne, da babba ƙasar Turkiyya, wadda a 2022 ma ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta koma rubuta ta Türkiye kuma anka amince.

Kar ki raina abin nan ɗiyata. A takardar insha'i ta WAEC maki 50 ne, 10 daga ciki na tsaftar rubutu ne, wato rubuta kalma daidai da aya da waƙafi da babban baƙi, kuma kowane kuskure rabin maki ake zarewa. Kuskure 20 sun cinye goman nan tas, kuma yaro na iya yin rabinsu tun bai fita daga adireshin wasiƙa ba. Allah ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni akawu ne wani ofis nan cikin gari, ni ka buga wasiƙu da takardun taro. Oganmu shina son duk inda anka rubuta chairman ko governor ko sultan ko director a sa babban baƙi, yac ce rashin ladabi ne a rubuta manya da ƙarami. To ɗana da ke jami'a ya ga wata takarda da niz zo da ita gida yac ce kuskure ne. Wa ad da gaskiya cikinsu?
Daga wani akawu, Gawon Nama

AMSA: Malam akawu sannu da ƙoƙari. Kowanensu na da rabonshi na gaskiya, amma dalilin da oganka ya kawo shi ne ba daidai ba, kuma shi nike son in tsaya a kai don ciwon namu ne duka.

Mu mutanen ladabi ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mata da yawa ba su faɗin sunan miji, ba ka wuce dattijo ba ka rage tsawo ba, in an ambaci Sarkin Musulmi sai ka ji an ce Allah ya ƙara mishi lafiya. To in munka zo rubuta Turanci sai hannu ya riƙa neman hanyar nuna wanga ladabi, ba inda zai sa "ranka ya daɗe", sai ya huce kan baƙin farko. Shi ya sa za ka ga yaro ya rubuta "my Father is a Teacher", ka ga takardar makaranta ta ce "all Parents and Guardians", ka ga katin biki an ɗaga kusan kowace kalma. Babban baƙi ba rawani ba ne da za ka naɗa wa duk wanda kake jin nauyinshi. In kana son hujja ka duba yadda ake rubuta Shaiɗan a Turanci, "Satan", da babban baƙi, haka Abu Jahl, kuma ba wanda ke girmama su. Mahaifiyarka kuwa da aljannarka ke ƙarƙashin ƙafarta, "my mother" ce da ƙarami. Aikin baƙin shi ne nuna cewa wanga suna ne na abu guda takamaimai, ba ruwanshi da daraja.

Sunayen muƙami asalinsu gama-gari ne. Gwamnoni 36 gare mu, "Nigeria has 36 governors", ƙaramin baƙi. Mai alfarma Muhammad Sa'ad Abubakar da ya hau karaga a 2006 shi ne na 20, in za ka faɗi haka cewa za ka yi "Sokoto has had twenty sultans", nan ma ƙarami, don jinsin masu sarautar kake magana a kai. Amma da zarar muƙamin ya manne da sunan mutum ya zama ɓangaren sunan, "Sultan Muhammad Sa'ad Abubakar", "President Shehu Shagari", ko kuma in cikakken sunan kujerar ne wadda guda ce tal, "the Sultan of Sokoto", to babba ne ba gardama.

Inda oganka ke da gaskiya shi ne tsakiyar nan. A rubutun ofis in anka ce "the Chairman has approved" kuma kowa ya san ciyaman guda ake nufi, na wagga hukuma, to al'adar ofisoshi ta yarda a ɗaga baƙin, don kalmar ta tsaya a madadin sunanshi ne. Jaridu da yawa na Ingila da Amurka ƙarami suke sawa a irin wanga wuri, takardun gwamnati kuma sun fi son babba. Duka biyun sun halatta, abin da ba a so shi ne ka ɗaga a layi na biyu ka sauke a layi na biyar. Don haka kar ka je ka yi jayayya da oga kan "the Chairman", albashinka ya fi baƙi guda. Inda za ka gyara a hankali ba tare da surutu ba shi ne irin su "all Directors", "a new Secretary", "members of Staff", waɗannan ba su da wata madafa.

Wurare ma haka suke. "Sokoto State" babba da babba, amma "the state was created in 1976 and has 23 local governments" duka ƙanana. "Goronyo Dam" suna ne, "the dam is full" ba suna ne na yanka ba ko da kowa ya san wane dam kake nufi. "Sultan Bello Mosque" duka ukun a ɗage, amma "I prayed in the mosque" a sauke, kuma ba ka rage wa masallaci komai ba. Na gida kuwa ga yadda za ka gaya wa ɗanka ya ƙara a iliminshi: in akwai "my" ko "his" ko "our" a gaba, ƙarami ne, "my uncle", in kuwa kiran mutumin kake ko ka haɗa da sunanshi, "Uncle Bello", "Good morning, Father", babba ne, don nan ya zama kamar yadda muke cewa Baba ko Inna ko Kawu a matsayin suna.

Na addini su ne mutane sunka fi jin tsoro. Allah, God in Ubangiji ake nufi, Islam, Qur'an, Ramadan, Ka'aba, duka na yanka ne. "The Prophet" in Manzon Allah (SAW) ake nufi babba ne, in kuwa annabawa ake magana a jimlace "prophets" ne da ƙarami. Gumakan da wasu ke bauta wa "gods" ne da ƙarami. "Prayer" da "fasting" da "pilgrimage" gama-gari ne duk da girmansu.

TAMBAYA: Malam ni Konni niy yi boko da Faransanci, yanzu ina Illela ina sana'a kuma ina koyon Ingilishi ajin yamma. Can ba mu sa babban baƙi ga ranaku da watanni, nan kuma malami na ta jan biro ga littafina. Kuma in Monday na cin babba, don mi harmattan ba ya ci?
Daga wani ɗan kasuwa, Illela

AMSA: Ɗan uwa ba kai ka ɓata ba, harsunan ne kowa da al'adarshi. Bafaranshe na rubuta "lundi" da "janvier" da ƙarami, har sunan harshe ma, Bature na Ingila kuma ya ɗauki ranaku da watanni a matsayin sunayen yanka, Monday, January. Jamusawa su kowane suna ɗaga shi suke yi, har cokali da kujera. Larabci da ajaminmu da munka fara da su a allo ba su ma san da babba da ƙarami ba sam, kuma ba a taɓa kasa gane Musa ko Makka ba. Ingilishin kanshi bai zauna wuri guda ba, a ƙarni na 18 marubuta na ɗaga sunaye barkatai, wanda ya ga tsarin mulkin Amurka na 1787 zai ga gama-gari birjik da manyan baƙaƙe. Daga baya anka rage.

Maganar "harmattan" kuwa kar ka wahalar da kanka neman hikima, al'adar rubutu ce ta tsaya haka: ranaku da watanni da bukukuwa irin Eid da Christmas babba, yanayin shekara ƙarami, "harmattan", "rainy season", "summer", "winter". Haddacewa ake yi.

Tunda daga Faransanci ka fito ga inda zai ƙara kama ka. Sunan harshe da na ƙabila da na ɗan ƙasa duka babba ne a Ingilishi, Hausa, Fulani, Zarma, French, a Nigerian, a Nigerien. Ko da kalmar ta koma siffa ba ta sauke baƙinta, "Nigerian rice", "Islamic law", sai dai in an ce ka ja layi ƙarƙashin suna a nan "rice" da "law" za ka ja, ɗayar siffantawa take yi. Darussan makaranta ƙanana ne, "mathematics", "biology", in ban da waɗanda sunan harshe ne, English, Arabic. Sai kusurwoyi: in ka ce daga Sakkwato a yi arewa a iske Illela, "go north" ne da ƙarami don hanya kake nunawa, amma "the North" mai nufin Arewarmu, da "West Africa", da "Sokoto North" ƙaramar hukuma, waɗannan sunayen wurare ne.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Yarona ɗan aji biyar anka ba su aikin gida su rubuta abincin da sunka fi so da Turanci, ni na taya shi munka rubuta Tuwo da Fura da Kilishi da babban baƙi tunda ba kalmomin Turawa ba ne, sai malama ta zagaye su da jan biro. Kuma ya rubuta indomie da ƙarami ita ma ta zagaye. To wai ni mi take so ne?
Daga wata uwa, Runjin Sambo

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya raya mana yaron. Malama ta yi daidai a duka biyun, ki yi haƙuri. Kasancewar kalma baƙuwa a Turanci ba ya mai da ita sunan yanka. Tuwo ba tuwo guda ba ne a duniya, kowane gida an tuƙa nashi daren jiya, don haka "tuwo" da "fura" da "kilishi" da "masa" matsayinsu guda da "bread" da "rice". Abin da ake yi wa baƙuwar kalma in ana son a nuna baƙuwa ce shi ne a karkata rubutunta in a kwamfuta ne, ko a ja mata layi in da hannu ne. Kuɗinmu ma haka, "naira" da "kobo" da munka fara kashewa a 1973 ƙananan baƙaƙe ne, kamar "dollar" da "riyal", duk da kullum ina ganin ana ɗaga su a rasit.

Indomie kuwa sunan da kamfani ya raɗa wa kayanshi ne, abincin kanshi "noodles" ne. Mu ne munka saba, ki aiki yaro shago ki ce ya sayo Maggi ko da wani ɗanɗano daban zai kawo, kowane garin wanki Omo ne, kowane man goge baki makilin ne. A baki ba laifi, amma a rubutun Turanci Maggi da Omo da Indomie da Toyota da Facebook sunayen yanka ne. Akwai 'yan ƙalilan da masu su sunka zaɓi farawa da ƙarami, irin iPhone, su ma na yanka ne, a bar musu yadda sunka rubuta abinsu.

Abin da zai ba ki sha'awa Hajiya shi ne in anka daɗe ana irin wanga aron, sunan yakan sauka gaba ɗaya ya koma gama-gari har ƙamus ya yarda. Man "diesel" sunan Rudolf Diesel ne, Bajamushen da ya ƙera injin. Biron da malama ta zagaye aikinku da shi sunan László Bíró ne ɗan ƙasar Hungary. Abin da muke kira kabu-kabu 'yan kudu na ce mishi "okada", asalinshi sunan wani kamfanin jirgin sama ne da ya ci sunan garin Okada na jihar Edo, yau ga shi da ƙaramin baƙi kan kowane titi. Tangaran kuma "china" ne da ƙarami don daga ƙasar Sin anka fara kai wa Turawa shi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne namu na gida. A Turanci akwai wata fata mai laushi da ake yi wa littattafai masu tsada bango da ita, sunanta "morocco" da ƙaramin baƙi. Da yawa daga cikin fatar nan ta jar akuyarmu ce ta Sakkwato, majemanmu sunka jeme ta, fatake sunka ɗora wa raƙuma sunka ƙetare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, Turawa kuma daga can sunka saye ta sai sunka laƙaba mata sunan inda sunka gan ta. Mu da akuya da wahala, Maroko da suna. Ita akuyar dai an bar mana ita, a littattafan kiwo "Red Sokoto goat" ake ce mata, S babba don sunan gari ne, "goat" ƙarami don akuya ce.

TAMBAYA: Malam wani abokina yac ce ba a sa "the" gaban sunan yanka ko kaɗan, amma ina ganin the Sahara da the United States cikin littattafai. Ya abin yake?
Daga wani ɗalibin jami'a, Dundaye

AMSA: Ƙanena abokinka ya riƙe rabin karatu. Sunan mutum da gari da jiha da yawancin ƙasashe ba su ɗaukar "the", ba a cewa "the Sokoto" ko "the Nigeria". Amma koguna da tekuna da hamada suna ɗauka, the Rima, the Red Sea, the Sahara. Tafki da dutse guda ba su ɗauka, Lake Chad, Mount Arafat. Ƙasar da sunanta ke ɗauke da gama-gari a ciki ko yake jam'i tana ɗauka, the United States, the United Arab Emirates, the Netherlands. Kalmar nan 'yar ƙarama har ma'ana take canzawa, "Niger" maƙwabtanmu ne, "the Niger" kuma kogin Kwara.

Jami'arku ma misali ce. Da anka buɗe ta a 1975 "the University of Sokoto" ce, don sunan da ke da "of" a tsakiya yakan ja "the". Da anka sauya mata suna a 1988 ta koma Usmanu Danfodiyo University sai "the" ta faɗi, don sunan mutum ne a gaba. Kuma ka lura ita "the" ɗin da "of" ba a ɗaga su a tsakiyar jimla, sai a irin The Gambia da gwamnatinsu ta zaɓi babban T.

Akwai kuma inda za ka ga "the" gaban sunan gari ko mutum kuma daidai ne, kamar dattijo ya ce "this is not the Sokoto I knew", yadda mu ma muke cewa ba Sakkwaton da na sani ba ce, ko a ce "the Bellos" ana nufin Bello da iyalinshi. Baƙin yana nan a ɗage a duka biyun.

Mai tambaya daga Tambuwal kan "herd" da "crowd" da "committee", ko "is" suke ɗauka ko "are", taka doguwa ce, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.